Sunan da Inna Ba Ta Kira

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina aikin rubuta sunayen ƙauyuka. In na faɗa wa mutane haka sai su yi murmushi, su ce, to sunan gari ma har sai an ɗauki ma'aikaci a kansa? Ni kuwa ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba. A ofishin safiyon da na yi aiki akwai masu awo, akwai masu zane, sannan akwai ni da teburina a lungu, jikin taga. Masu awo ke cewa ga inda gari yake. Ni ke cewa ga yadda ake kiransa, ga kuma yadda za a rubuta shi a taswira.

Tsofaffin taswirorin da muka gada tun zamanin Turawa suna cikin wasu faffaɗan durowoyin ƙarfe, duk sun yi ja don tsufa. Ranar da aiki ya yi sauƙi nakan jawo ɗaya in shimfiɗa in yi ta jin haushi. Bature ya tsaya a bakin gari ya tambayi tafinta, tafinta ya tambayi wanda ya fara cin karo da shi, abin da ya faɗa kunnen Bature shi ya hau takarda, shi ke nan ya zauna har jikoki. Akwai garin da aka ba shi sunan maƙwabcinsa, alhali mutanen garuruwan biyu ko aure ba sa ƙullawa. Don haka da aka ce za a sabunta taswirar yankinmu, ina cikin waɗanda suka dage aka kafa wata ƙa'ida da muke ce wa baki uku. Suna ba ya hawa taswira sai mutum uku sun faɗe shi a rakoda: biyu waɗanda suka yi aƙalla damina goma a wurin, ɗaya kuma baƙo mai hulɗa da wurin, don a tabbata a waje ma haka ake kiransa. Kowa zai faɗi ko shi wane ne, sannan ya ambaci sunan garin sau uku, a hankali. Daga baya kwamiti ya zauna ya saurara, a daidaita yadda za a rubuta.

A kan wannan ƙa'ida ba ni da sani ba ni da sabo. Na tuna wani dagaci da ya yi tafiyar wuni guda ya zo da shaidu biyu, na ukun ya rasu ana saura mako su taso. Ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "Malam, ka dubi Allah." Na ce masa Allah nake duba, shi ya sa ba zan sa hannu ba, ya koma ya nemo wani. Da ya fita har wani daɗi na ji a raina, ina ganin ni ne mai tsare gaskiya. Abokan aikina suna cewa taurin kai ne da ni, ni kuma ina ɗaukar maganar tamkar yabo.

Mu bakwai Inna ta haifa, ni ne auta. Yaya shi ne na fari, ya ba ni shekara goma sha bakwai. Ba zan rubuta sunansa a nan ba, don ni ma ban saba faɗa ba, amma nawa mai sauƙi ne in aka kwatanta da na Inna. Inna mutuniyar da ce, ta riƙe alkunyar ɗan fari yadda ta same ta a hannun iyayenta, ba ta rage ko ƙwayar gero ba. Tun da aka yanka masa rago ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ana yaye shi aka kai shi ɗakin kakarmu, a can ya girma. In ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In za ta yi zancensa sai ta ce "yaron nan," har ya yi furfura yana yaron nan. Ko wani ne daban mai irin sunan, ba ta faɗa, sai dai ta ce "mai sunan nan."

Muna yara mun mai da abin wasa. In aka kawo buhun gero daga gonarsa sai mu kewaye ta, mu ce, "Inna, wa ya aiko da wannan?" Ta ce, "Wanda ya aiko." Mu ce, "Shi wa?" Ta ɗauki muciya ta ce za ta gwada mana ko shi wa. Mu watse muna dariya, ita ma tana danne tata. A lokacin ina zaton ba ta damu da shi ba ne, har tausayinsa nake ji, ina cewa ni ne ɗan gata.

Da gonar gado ta yi mana kaɗan, Yaya ya ɗauki gatari da fartanya ya shiga daji yamma da Kaduna, ya sami wani fili a gefen rafi ya sare. Bukka ɗaya ya fara kafawa. Damina biyu ya yi shi kaɗai da matarsa, sai wani ya biyo shi, sai wani, har suka kai gida tara, da masallacin jinka da rijiya. Ba wanda ya zauna ya raɗa wa wurin suna. Direbobin da ke zuwa ɗaukar masara ne suka fara cewa tungar wane, da sunan Yaya, sunan ya bi wurin.

Bayan rasuwar Baba, Yaya ya ɗauke Inna ya kai ta can, ya gina mata ɗaki kusa da nasa. Shekara goma sha takwas ta yi a garin da ba ta iya faɗin sunansa. In ta zo ganinmu Tudun Wada za ta koma, a tasha ake shan kallo. Ɗan kamasho ya ce, "Hajiya, ina za ki?" Ta ce, "Can inda ake sauka bayan ƙaramar gada." Ya ce, "Hajiya, gadoji nawa ne a hanyar nan?" Ta juyo ta harare ni, ta ce, "Kai, ba ka da baki ne?" Sai in faɗa, ita kuma ta shiga gyaran mayafi kamar ba da ita ake ba.

Tungar ba ta cikin tsohuwar taswira, don taswirar ta girme ta nesa ba kusa ba. Duk sallar da na je, Yaya sai ya tsokane ni. "Kai da kake rubuta garuruwan mutane, na yayanka ka bar shi a daji. Ko sai na kawo maka kaza?" In ce masa ya kwantar da hankalinsa, in sabuwar taswira ta tashi da tasa zan fara. Rakoda tana cikin jakata a yawancin zuwan nan. Mutanen tunga suna zaune a gindin ɗorawa, baki ashirin ma zan samu in na so, ba uku ba. Ban ɗauka ba. Ina ganin ai gida ne, kullum yana nan, gara in fara gamawa da na nesa.

Da kaka 'yan bindiga suka zo, bayan la'asar, mutane suna wurin sussuka. Sun kashe Yaya da 'ya'yansa maza biyu da suka tasa, da wasu magidanta huɗu. Sun kora shanu, sun sa wa rumbuna da ɗakuna wuta. Wanda ya tsira ya bi inda ƙafarsa ta kai shi. Inna wani maƙwabcinsu ne ya goyo ta a babur har bakin titi, daga nan aka sa ta a motar itace. Da ta iso gidana ƙafarta ɗaya ba takalmi.

Kwana bakwai ana zaman makoki a ƙofar gidana, Inna ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba. Mata su shigo su ce, "Inna, ya haƙuri?" Ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki. Allah ya ji ƙan Musulmi." Jikokin nata biyu takan ambace su, ta yi musu addu'a da sunansu. Shi kuwa ko sau ɗaya. Wata maƙwabciyarmu, yarinya ce 'yar zamani, ta ja matata gefe ta ce wannan tsohuwa akwai taurin zuciya. Matata ta ce mata ta iya bakinta, uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane.

Wata uku bayan haka aikin sabuwar taswira ya iso yankinsu. Wani matashi cikin masu awo ya kira ni ya nuna mini hoton da aka ɗauko daga sama a kwamfutarsa, bai san wurin ɗan'uwana ba ne. Ga rafin nan ya lanƙwasa yadda na san shi, ga ɗorawar, ga wasu baƙaƙen da'irori inda ɗakuna suke a da. Ya ce, "Oga, nan ba kowa. Kufai za mu sa." Na ce ya sa kufai, amma da suna. Ya ce ai ni na fi shi sanin ƙa'ida, kufai ma sai da baki uku, kuma ƙarshen wata za a rufe wannan shiyyar.

A nan na ƙudura a raina cewa ko me za a yi sai sunan Yaya ya hau takardar nan. Kabarinsa yana inda ba mai iya zuwa. Gonar da ya sare daji zai cinye ta cikin damina uku. 'Ya'yansa da suka rage ƙanana ne, za su tashi a garin wasu. In sunan bai shiga taswira ba, nan da 'yan shekaru ba abin da zai nuna cewa wani mutum ya taɓa shiga dajin nan da gatari har gida tara suka taru a bayansa.

Baki na farko bai ba ni wahala ba. Maƙwabcin da ya goyo Inna yana Nasarawa, wani ɗan'uwansa ya ba shi keke mai ƙafa uku yana ja. Na same shi a bakin titi, ya kashe inji, muka shiga kujerar baya. Ya faɗi sunan sau uku yana kallon ƙafarsa. Da ya gama ya ce in yafe masa, fasinja na jira.

Na biyu wani ɗan kasuwa ne Ibo mai sito a Kakuri, wanda ya shekara goma sha yana sayen masara da waken suya a hannun Yaya. Da na gaya masa abin da ya kawo ni sai ya rufe ƙofar siton rabi, ya jawo mini benci. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni. Ya ce, "Chai, Oga. Yayanka bai taɓa bari na bar garin nan da yunwa ba. Ko ina sauri sai ya ce in zauna in ci tuwo, mota ba za ta gudu ba." Ya faɗi sunan sau uku, tsaf, yadda mutanen tunga ke faɗa. Sannan ya ɗaga gefen rigarsa ya goge ido, ya ce in an buga taswirar in kawo masa ɗaya zai manna a bango.

Saura mazaunin wurin guda ɗaya, a nan kuma na tsaya cik. Matar Yaya danginta sun tafi da ita can nesa. Da na same ta a waya na yi mata bayani, sai na ji kuka, sai wani namiji ya karɓi wayar ya ce, "Malam, sunan mijinta kake so ta faɗa? Ka ji tsoron Allah mana." Sauran gidajen kuwa kamar ƙasa ta haɗiye su. Na bi tashoshi har Sabon Tasha ina tambayar direbobi. Na je wata makarantar da aka ce 'yan gudun hijira sun sauka, na tarar an tashe su. Wani tsoho guda da na samu a Makera, wanda ya yi limancin tungar, jikinsa ya shanye tun ranar da abin ya faru, bakinsa ya karkace. Ya gane ni, ya riƙe hannuna, yana ta ƙoƙari, yawu kawai ke zuba.

Wani abokin aikina da ya ga yadda na rame ya rufe ƙofar ofis ya ce, "Kai fa kana wahalar da kanka. Ka je bakin kasuwa ka sami dattijo, ka saya masa goro, ka koya masa abin da zai ce. Wa zai bincika? Ai ba ƙarya za a rubuta ba, sunan gaskiya ne." Na ce masa ni da na kori dagaci da hularsa a hannu, da wane ido zan yi wannan? Ya ɗaga kafaɗa ya ce to in je in yi ta fama.

Tun farko na san akwai wadda ta yi damina goma sha takwas a tungar, tana zaune a ɗakin da ke kallon nawa. Ina ta kewaye zancen ne kawai. Da na faɗa wa matata sai ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Kada ka soma. Wallahi kada ka soma. Abin da ya rage wa tsohuwar nan ke nan." Na ce mata ba ta fahimci aikin ba. Ta ce ta yarda ba ta fahimci aikin ba, amma ta fahimci Inna.

Saura kwana shida a rufe, da hantsi, na sami Inna a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na yi ta kame-kame, sannan na faɗi abin da ke tafe da ni.

Ta ce, "Kai ba ka san sunan ba ne?"

Na ce, "Na sani, Inna."

"To rubuta mana. Ba aikinka ke nan ba?"

Na ce nawa bakin ba ya cikin lissafi, don ban zauna a can ba. Na yi mata bayanin baki uku, na ce biyu sun samu, ita kaɗai ta rage.

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Wa ya kafa wannan dokar?"

Na ce, "Mu ne."

Ta ce, "To ku warware ta."

Na ce ba ta warwaruwa. Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce, "Auta, shekara sittin da wani abu yaron nan yana yawo a gabana ban faɗa ba. Sai yanzu da ba ya nan za ka sa in buɗe baki in faɗa wa ƙarfe?"

Da na tashi a nan, da yau ba na rubuta wannan. Amma na riga na saba da cin gardama, kuma na san inda zan taɓa. Na ce, "Inna, in ba ki faɗa ba share shi za a yi. Wurin zai fito fili fetal, kamar bai taɓa sare ko itace ɗaya ba. Waɗanda suka kashe shi sun ƙone garin, mu kuma mu ƙarasa musu. Ke kaɗai ce za ki iya hanawa."

Ta ajiye faifan, ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki ta saki labule. Kaji suka taru a kan waken, ba wanda ya kore su. Na san na yi mugun abu tun kafin labulen ya daina motsi, amma ban bi ta na janye maganar ba. Ina so maganar ta yi aiki.

Kwana uku ba ta fito tsakar gida ba sai in za ta yi alwala. Abincin da aka kai mata yakan dawo kusan yadda aka kai shi. Matata ta daina yi mini magana sai abin da ya zama dole. A rana ta huɗu, bayan azahar, Inna ta aiko a kira ni. Na tarar ta yi wanka ta sa zanen da take zuwa Juma'a da shi, tana zaune a kan sallaya.

Ta ce, "Kawo abin naka. Nuna mini inda ake dannawa."

Na nuna mata jan maɓallin. Na fara cewa za ta faɗi ko ita wace ce, sannan ta ambaci sunan garin sau uku, sai ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Na ji. Ku fita. Duka gidan, har yara."

Matata ta kwashi yara suka shiga maƙwabta. Ni na tsaya a lungu jikin shagon tela, ina jin ƙarar kekensa, ina amsa gaisuwar masu wucewa ban san me nake cewa ba. Na fi rabin awa a wurin. Da na koma na ga rakodar a ƙasa, an turo ta ta ƙarƙashin labule. Na ɗauka na sa a aljihu, har da 'yar murnata.

Sai da safe a ofis na saurara, na toshe kunnuwana da abin ji don kada hayaniya ta dame ni, ga fom a gabana, ga biro. Da farko ba komai sai numfashinta da keken tela can nesa. An daɗe a haka, har na zaci ba ta yi magana ba. Sai na ji ta kira shi.

Ba sunan gari ta faɗa ba. Ba ta ce tungar wane ba. Sunansa ta kira, shi kansa, a hankali, harshenta yana tuntuɓe don bai san hanyar ba. Ta yi shiru tana jira. Ta sake kira, da ɗan ƙarfi, yadda uwa ke kiran yaro ya bar wasa ya zo ya ci abinci. Ta sake jira. Na ukun muryarta ta karye a tsakiya. Sai ta ce, "Ni ce. Uwarka ce." Ta ce masa ranar da aka kai shi ɗakin kakarsa ta wuni a bayan zana tana leƙensa ta wata 'yar kafa, nono yana zuba a zanenta. Ta ce duk tuwon da kakarsa ta ba shi mai man shanu a ƙasa, ita ke binne man. Ta ce ranar da ya gina mata ɗaki ta so ta ce masa Allah ya yi albarka da bakinta, sai ta aika a faɗa masa. Ta ce, "Ka yafe mini. Haka muka tarar ana yi." Daga nan sai kuka, irin wanda ban taɓa jin ya fito daga ƙirjin mutum ba, har ta laluba maɓallin ta kashe.

Na cire abin jin na ajiye. Na daɗe ina kallon fom ɗin. Ni da nake cewa ba ta damu da shi ba.

Washegari kwamiti ya zauna. Mu takwas ne a ɗaki, fanka tana juyi, an jona rakoda da lasifika. Na san yadda zaman nan yake, don ni ke kunna muryoyin shekara da shekaru. Ana kunna murya da ƙarfi, a mayar, a sake mayarwa, a yi gardama a kan harafi ɗaya, wani ya kwaikwayi karin harshen mai magana a yi dariya. Bayan an gama a ajiye muryar a ma'ajiya, duk mai bincike da ya nema a ba shi. Aka zo kan tungar Yaya. Na kunna ta mai keke, na kunna ta ɗan kasuwa. Ba wanda ya yi gardama, rubutun a bayyane yake.

Shugaban kwamiti ya ce, "Na uku fa?"

Yatsana yana kan maɓallin. Ba na shakka ko kaɗan, da na danna da sunan ya wuce. Ba ta bi tsari ba, amma ba mai jin muryar nan ya ɗaga hannu ya ce bai yarda ba. Sai dai zan zauna in ga maza bakwai suna sauraron abin da Inna ta kori jikokinta daga gida don kada su ji. Abin da ta ɓoye shekara sittin, ta fito da shi sau ɗaya don na matsa mata, in sa shi a lasifika, a ba shi lamba a jera a kantar ma'ajiya.

Na ce, "Ba a samu ba."

Shugaban ya san ko tungar wa ce. Ya cire tabarau ya ce, "Malam, ka tabbata? In akwai wani abu a hannunka, ko yaya yake, kawo mu duba."

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe. Baki biyu ne."

Aka miƙo mini fom ɗin, don ni ke cike gurbin ƙarshe. Na rubuta kufai, ba suna, na sa hannu. Aka wuce gari na gaba, ni na kunna musu muryoyin.

Har yau ban san ko daidai na yi ba. Wata rana in ga na tsare mata mutuncinta, wata rana in ga na ci amanar su biyun, ita da Yaya, na sa ta yi abin da ya fi ƙarfinta sannan na zubar. Abin da na sani shi ne baƙin cikin bai ragu ba, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Ban gaya wa matata abin da ke cikin rakodar ba, ita ma ba ta tambaya ba. Siton Kakuri kuwa na daina bi ta gabansa.

Inna ta ɗan warware bayan haka. Ta koma fitowa tsakar gida, tana cin abinci, har takan yi wa yara tatsuniya. Ba ta sake tayar da zancen ba, na ɗauka ta bar shi ke nan. Sai bayan damina, ranar da ta ji ina gaya wa wani baƙo cewa an buga sabuwar taswira, ta bari ya tafi ta kira ni.

Ta ce, "An sa yaron nan?"

Na ce, "An sa, Inna."

Ta ce, "Kawo in gani."

Na kawo washegari. Na shimfiɗa mata a kan tabarma, na danne gefunan da kwanuka. Inna ba ta karatun boko, ta dai bi takardar da kallo daga sama har ƙasa, ta ce ashe garuruwa suna da yawa haka. Na nuna mata shuɗin zaren da yake rafinsu, na nuna mata ƙaramar gadar. A inda rafin ya lanƙwasa akwai wani ɗan ɗigo, ba komai a gefensa. Can sama da shi kaɗan akwai sunan wani ƙauye da suke cin kasuwarsa.

Ta goge hannunta a zane ta miƙo mini yatsa. Ta ce, "Ɗora ni a kai."

Na kama yatsan, na tsallake ɗigon, na ɗora shi a kan sunan ƙauyen nan. Ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ta kai ƙarshe ta dawo farko. Ta daɗe ba ta ɗauke hannunta ba.

Ta ce, "Ashe haka yake a rubuce." Ta numfasa. "To, alhamdu lillahi. Ban faɗa a banza ba."

Na ce, "Haka ne, Inna."